"Ina Imaninka?": Addini, Ƙabila da Kallon da Ɗaliban Jami'a Ke Yi wa Kashe Kai

Muna aji uku a jami'a, wata safiyar Litinin muna zaune a ɗakin lacca muna jiran malamin da bai zo ba, sai wani ya ɗaga wayarsa ya ce ku ji wani abu. Wai ɗalibi ne a wata jami'a ya halaka kansa kwana biyu bayan an kafe sakamakon jarrabawa. Aji ya ɗauki salati, daga nan kowa ya shiga tofa albarkacin bakinsa. Wani ustazu da ke zama a gaba ya juyo ya ce, "Ya yi biyu babu, ba duniya ba lahira." Wata Kirista 'yar Kudancin Kaduna ta ce wanda ya san Allah da gaske ba zai taɓa yin haka ba. Sarkin barkwancin ajinmu kuwa cewa ya yi ko ba a faɗa masa ba ya san yaron ba ɗan Arewa ba ne, "mu da muke kwana da yunwa mu tashi mu kama sahun gaba da Asuba." Aka bushe da dariya. Ajin da ko ranar da za a ɗaga gwaji ba a taɓa daidaitawa a kanta ba, ran nan Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo, bakinsu ya zo ɗaya.

Mutum ɗaya ne bai tanka ba, wanda muke ɗaki ɗaya da shi. Da daddare muna dawowa daga wajen mai shayi ya ce, "Mutumina, ka ji abin da suke faɗa ɗazu?" Na ce na ji. Ya ce, "To ni ma bara na kai bakin wajen." Ina riƙe da ledar burodi, na rasa inda zan sa kaina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Haba kai kuwa, ina imaninka?" Ya yi ɗan murmushi ya ce wasa yake yi. Sai bayan shekaru ya gaya mini cewa ba wasa ba ne. Yana nan da ransa da iyalinsa, alhamdu lillahi, amma amsar da na ba shi a daren ba ta cikin abin da ya riƙe shi.

Tambaya biyu ce aka cakuɗa a ajin nan aka ba su amsa ɗaya. Akwai hukuncin aikin, wato halal ne ko haram, daidai ne ko kuskure. Akwai kuma yadda za a yi da mutumin da ya kai bakin aikin, ko iyalin da ya mutu ya bari. Yawancinmu mun ɗauka cewa duk wanda ya tsananta a ta farko dole ya tsananta a ta biyu, kamar dai tausaya wa mutumin sassauci ne ga haramcin. Masu binciken da suka ɗauki lokaci suna tambayar ɗalibai sun gano cewa waɗannan abubuwa biyu ba su tafiya tare, kuma rayuka da yawa a tsakaninsu suke rataye.

Wanda ya fi kowa bin wannan sawu shi ne Mehmet Eskin, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Turkiyya. A 1995 ya kwatanta matasan Turkiyya da na Suwidin. 'Yan Suwidin sun fi sassauci ga aikin, sun fi ganin cewa mutum na da iko da rayuwarsa. Amma da aka ce su ɗauka wani abokinsu ne ya faɗa musu yana son kashe kansa, 'yan Turkiyya, waɗanda suka fi ƙin aikin, su suka fi nuna za su rungumi abokin. A 2004 ya sake gwadawa a cikin Turkiyya kanta, tsakanin ɗaliban makarantun addini da na boko zalla, sakamakon ya sake fitowa haka: 'yan makarantar addini sun fi ƙyamar aikin, sun fi karɓar mutumin, tunanin kashe kai kuma ya fi ƙaranci a cikinsu.

A 2016 shi da abokan aikinsa suka faɗaɗa abin zuwa ɗaliban jami'a 5,572 a ƙasashe 12. Kusan kashi 29 cikin 100 sun ce tunanin ya taɓa zo musu, kusan kashi 7 sun ce sun taɓa yunƙurawa. A nan ne duk mai son raba duniya gida biyu, Musulmi can sauran mutane can, zai sha mamaki. Ɗaliban da suka fi sassauci ga aikin su ne na Ostiriya da Birtaniya da Japan da kuma Saudiyya. Waɗanda suka fi ƙinsa su ne na Tunisiya da Turkiyya da Iran da Falasɗinu. Wajen karɓar aboki mai wannan tunani, Turkiyya da Amurka da Italiya da Tunisiya ne a sama, Japan da Saudiyya da Falasɗinu da Jodan a ƙasa. Ƙasashen Musulmi sun faɗo a kowane ɓangare. Alƙur'ani ɗaya ake karantawa a Tunis da Amman, amma yadda ake kallon abokin da ya faɗa cikin matsala ya bambanta. Binciken ya kuma nuna rukunin da ya fi kowa shiga haɗari, wato masu sassauci ga aikin amma masu ƙyamar mutumin. Su suka fi yawan damuwa da yunƙuri. Maza sun fi mata sassauci ga aikin, mata sun fi maza niyyar taimako.

Babu Najeriya a cikin ƙasashen nan 12, amma duk wanda ya yi zaman hostel a Kano ko Zariya ko Jos ko Maiduguri ya san inda ɗalibanmu za su tsaya a tambaya ta farko. Ta biyun ce abin dubawa.

Cewa addini na ba da kariya magana ce mai tushe. Tun 1897 Bafaranshen nan masanin zamantakewa, Emile Durkheim, ya lura cewa yankunan 'yan Katolika a Turai sun fi na 'yan Furotesta ƙarancin kashe kai, alhali duka biyun sun haramta shi. Bayaninsa shi ne, abin da ke riƙe mutum jama'a ce, yawan haɗuwa da sanin halin juna. An yi ta sukar alƙalumansa daga baya, amma asalin maganar ta tsaya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016, wanda ya bi ma'aikatan jinya mata 89,708 tsawon shekaru, ya samu cewa masu zuwa wurin ibada aƙalla sau ɗaya a mako sun fi waɗanda ba su zuwa ƙarancin mutuwa ta wannan hanya da kusan ninki biyar. A shekarar ce kuma wasu masana suka tattara binciken da aka yi a kan batun, suka ce kasancewa cikin addini yana rage yunƙuri, amma ba lalle ya hana tunanin zuwa ba. Wannan rarrabewa ita muka fi buƙata. Mai salla yana iya kwana da tunanin mutuwa, mai zuwa coci ma haka. Imani ya fi aiki wajen riƙe hannu fiye da hana zuciya ciwo. Saboda haka wanda ya zo ya ce maka tunanin yana damunsa, sau da yawa imanin nasa ne ya kawo shi gabanka da ransa, kai kuma ka tare shi da tambayar ina imanin yake.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na koma ga littattafai shi ne, malaman farko sun fi mu rarrabe tambayoyin nan biyu. Haramcin a Musulunci ba shi da ja. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta ce kada ku kashe kanku, ta kuma rufe da cewa lalle Allah mai jinƙai ne gare ku. Hadisan Bukhari da Muslim sun zo da narko mai tsanani, har da hana mutum fatan mutuwa saboda wata cuta da ta same shi. Jabir ɗan Samura ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, gawar wanda ya kashe kansa bai yi masa salla ba. Wannan kowane ɗalibi ya haddace. Abin da ba a cika ji a masallacin makaranta ba shi ne yadda jumhurun malamai suka fahimci hadisin, wato shugaba ko babban malami na iya janyewa don tsoratarwa, amma sauran Musulmi su sallace shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar Hausa, maganar Imamu Malik a fili take: a yi masa salla, a yi masa duk abin da ake yi wa mamatan Musulmi, zunubinsa yana kansa.

Sai kuma hadisin Ɗufail ɗan Amru Addausi a Sahihu Muslim. Ya yi hijira zuwa Madina tare da wani mutumin ƙabilarsa. Mutumin ya kamu da ciwo, haƙurinsa ya ƙare, ya yi wa hannuwansa raunin da ya zama ajalinsa. Ɗufail ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, sai dai hannuwansa a lulluɓe. Ya ce Allah ya gafarta masa saboda hijirarsa, amma an ce masa ba za a gyara abin da ya ɓata da kansa ba. Da aka ba Annabi labari sai ya ce, ya Allah, hannuwansa ma ka gafarta musu. Malamai suka sa wa babin suna: dalilin cewa wanda ya kashe kansa bai kafirta ba. Ustazun ajinmu da ya yanke wa yaron hukuncin lahira ya shiga hurumin da ba nasa ba, balle idan aka haɗa da hadisin ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, da tattaunawar malamai a kan iyakar alhakin wanda ciwo ya rinjayi tunaninsa. Alƙur'ani kansa bai ɓoye baƙin cikin bayin Allah na gari ba. Idanun Annabi Yaƙub sun yi fari saboda baƙin ciki. Nana Maryam, a lokacin naƙuda, ta ce ina ma ta mutu kafin wannan. Amsar da ta samu kira ne cewa kada ki yi baƙin ciki, ga ƙorama, ga dabino, ki ci ki sha.

Kiristanci ya bi doguwar hanya kafin ya iso kusa da nan. Agustin, malamin coci ɗan Arewacin Afirka, ya kafa hujja tun ƙarni na 5 cewa umarnin "kada ka yi kisa" ya haɗa da kashe kai, a ƙarni na 6 kuma majalisun coci suka hana yi wa irin wannan mamaci jana'izar addini. Haka aka tafi fiye da shekara dubu. Sai a 1983 Cocin Katolika ya cire hanin daga kundin dokokinsa, a 1992 kuma littafin koyarwarsa ya ce tsananin ciwon ƙwaƙwalwa ko firgici na iya rage alhakin mutum, kuma kada a yanke ƙauna daga cetonsa. A Littafi Mai Tsarki ma akwai Annabi Iliya da ya zauna ƙarƙashin itace ya roƙi Ubangiji ya ɗauki ransa, aka bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa. A wuraren addu'a na ɗalibai, abin da aka fi ji shi ne wannan harin Shaiɗan ne, a yi azumi a kore shi. Mu kuma a namu ɓangaren sai a ce aljanu ne, ko sammu, ko kambun baka, a nemo mai ruƙiyya. Addu'a ba ta da laifi, ni ma ita nake fara yi. Illar tana zuwa ne lokacin da aka mai da ita dalilin ƙin zuwa asibiti, alhali ba wanda ke yi wa mai ciwon suga haka.

Ɓangaren ƙabila ya fi rikitarwa, don a nan ne ake yawan yin karambani. Gaskiya ne al'adunmu sun bambanta tun kafin zuwan addinan nan biyu. A tsohuwar daular Oyo, idan majalisar masu sarauta ta Oyo Mesi ta juya wa Alafin, wato sarkin Oyo, baya, shugabanta Bashorun kan miƙa masa ƙwarya, abin da ake jira daga gare shi kuma shi ne ya bar duniya da kansa. Yarabawa na da karin maganar da ke cewa mutuwa ta fi wulaƙanci. A ƙasar Ibo abin ya sha bamban ƙwarai: laifi ne ga Ala, uwar ƙasa, dangi ba su taɓa gawar, baƙi ake nema su ɗauke ta, a da ma dajin da ake jefa abin ƙazanta ake kai ta, sannan a yi tsarkin gida. Fulani na da munyal da semteende a cikin pulaaku, wato juriya da kunya, yaro na tashi ya san cewa nuna zafin ciwo abin kunya ne, wanda ya taɓa kallon sharo ya gani da idonsa. Bahaushe kuwa ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse, ya ce in da rai da rabo.

Idan aka dubi waɗannan da kyau, zare ɗaya ya ratsa su, shi ne kunya da sunan gida. A wani wuri kunya ce ke tura mutum, a wani wuri ita ke hana dangi faɗa, a wani wuri kuma ita ke hana mai ciwon buɗe baki tun farko. Ga ɗalibi Bahaushe, haƙurin da aka raine shi da shi garkuwa ce, amma garkuwar na iya zama murfi. Saurayi ba ya kuka, ba ya kiran Baba ya ce na kasa. Budurwar da wani malami ya matsa wa, ko wadda aka yaɗa hotonta, ta san cewa in maganar ta isa gida za a iya ce mata ta tattaro kayanta, karatu ya ƙare. Ga wata matsala ta harshe kuma. Har kwanan nan ba mu da suna na tsaka-tsaki tsakanin "lafiya lau" da "hauka". A Kano in an ce Dawanau, a Sakkwato in an ce Kware, kowa ya san zolayar da ake nufi. "Ciwon damuwa" sabon shiga ne a bakin mutane, kuma da yawa suna jin sa kamar shagwaɓar 'ya'yan masu kuɗi.

Duk da haka ina ganin ana ɗora wa ƙabila kayan da ba nata ba. Ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Gari ya yi firamare da Hausawa, da Bayarabe Musulmi ɗan Ilori, da Bahaushe Kirista ɗan Malumfashi, a wane akwati za a saka kowannensu? Abin da ake kira bambancin ƙabila a takardar tambayoyi sau da yawa bambancin addini ne, ko na birni da ƙauye, ko na aljihun iyaye, ko na mace da namiji. Akwai kuma abin da ba a cika aunawa ba, wato zama bare. Ɗalibin da ya bar Anaca ya zo karatu Sakkwato, ko ya bar Gumel ya tafi Fatakwal, ya rabu da masallacin unguwarsu ko cocinsu, da gwaggon da za ta kalli fuskarsa ta gane akwai magana. Kariyar da Durkheim ya gani ba a cikin jini take ba, tana wajen mutanen da za su lura in ba su gan ka ba kwana biyu.

Barkwancin "ba ɗan Arewa ba ne" ma ba mu muka fara shi ba. Baƙaƙen fata a Amurka sun daɗe suna cewa kashe kai abin Turawa ne, alƙaluma kuma sun goyi bayansu na tsawon lokaci, har aka riƙa danganta hakan da ƙarfin cocinsu. A 'yan shekarun nan adadin ya tashi a tsakanin matasansu, tsohuwar maganar kuma ta zama shinge ga yaron da ke son neman taimako. Mu nan ko tsofaffinmu sun san labarin yarinyar da aka yi wa auren dole ta ce za ta faɗa rijiya. Abin ba baƙo ba ne, ƙidayarsa ce ba mu yi. Ana rasuwa da safe a binne kafin Azahar, ba binciken gawa, ba takardar shaidar mutuwa, sanarwa ta fita cewa ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Ban ga laifin iyalin ba, suna kare 'yan'uwansa mata ne daga ranar da za a zo binciken aure. Amma sakamakon shi ne ba mu san girman matsalar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. A ƙiyasinta na 2019 nahiyar Afirka ce kan gaba da 11.2 cikin kowane mutum 100,000, yayin da matsakaicin duniya yake 9. Na Najeriya kuwa, ƙiyasin 2016 ya ce 9.5, na 2019 ya ce 3.5. Ba wani abin al'ajabi da ya faru a cikin shekara uku, lissafi ne ake yi daga nesa, don hukumar da kanta ta ce ƙasashe kusan 80 ne kawai ke da ingantacciyar rajistar mace-mace.

Doka ta ƙara wa shirun nauyi. Sashe na 327 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu, da sashe na 231 na kundin Final Kod na Arewa, sun tanadi ɗauri har na shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙuri ya tsira. Mutane da yawa sun ɗauka daga addini dokar ta fito, alhali gadon Turawan mulki ce. Final Kod ɗin daga na Sudan aka kwaikwayo shi, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860. Ingila da ta kawo mana ta soke tata tun 1961. Indiya ta sassauta a 2017, Fakistan ta soke a 2022, Malesiya da Ghana a 2023, kuma biyu daga cikin waɗannan ƙasashen Musulmi ne, ba wanda ya ce sun halatta haram. Jihar Legas ta mai da hukuncin umarnin kai mutum asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta goge waɗancan sassa ba. Ka sa kanka a matsayin ɗalibin da ya tarar da abokin ɗakinsa cikin wannan hali tsakar dare. Yana tunanin asibitin makaranta, yana kuma tunanin masu gadi da 'yan sanda da kwamitin ladabtarwa. Minti nawa zai ɓata yana shawara?

Su kuwa abubuwan da ke kai ɗalibi bakin wajen ba su tambayar addininsa. Masani Thomas Joiner ya ware ji guda biyu da in suka haɗu haɗari ke ƙaruwa: mutum ya ji ba shi da kowa, ya kuma ji ya zama kaya a wuyan nasa. Na biyun nan kamar da ɗalibin Najeriya aka auna shi. An sayar da sa ko an jinginar da gona an biya rajista, ƙannensa sun haƙura da nasu karatun, gari duka na kiransa "Dakta" ko "Injiniya" tun yana aji ɗaya, sai ga kari-oba uku, ko takardar kora. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayan na 2020 da ya ci kusan wata tara. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zo daidai da ƙarin kuɗin makaranta a jami'o'i da dama. Ga cacar intanet, ga bashin manhajojin waya, ga ƙwaya. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, ofishin ba da shawara na makaranta sau da yawa ɗaki ne mai kwaɗo a ƙofa.

Don haka wanda zai fara jin maganar kusan kullum ɗalibi ne ɗan'uwansa, shi ya sa ra'ayin ɗalibai ya fi ƙarfin a bar shi a matsayin abin cika takardar bincike. Abin da masana suka tabbatar a nan ya saɓa wa abin da muke tsoro. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin, bincike ya maimaita haka sau da dama, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Matsanancin halin kuma yakan wuce. A 1978 wani masani ya bi sawun mutum 515 da aka tare suna shirin kashe kansu a wata gada a San Faransisko ta Amurka, bayan shekara 26 a matsakaici ya samu kashi 94 cikin 100 suna raye ko sun mutu ta hanyar da ba wannan ba. Shi ya sa nesanta mutum daga abin da zai cutar da kansa yake da tasiri. Siri Lanka ta hana wasu magungunan ƙwari masu tsananin guba, aka ƙiyasta cewa an tsirar da rayuka kusan 93,000 tsakanin 1995 da 2015. Hukumar NAFDAC ma ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabe na wani maganin ƙwari a 2019, shekarar da labaran ɗalibai suka yi yawa a jaridu. Sai kuma ɗabi'ar yaɗa wasiƙar mamaci da hotonsa a Facebook da WhatsApp, wadda an san tana jawo kwaikwayo, ko da da niyyar wa'azi aka tura.

A Ghana, masu bincike Joseph Osafo da Charity Akotia da abokan aikinsu sun yi hira da mutane masu riƙo da addini, suka tarar da abin da Eskin ya gani a Turkiyya: addinin da ya sa suka ƙi aikin shi ne kuma ya sa suke son taimakon wanda ya shiga halin. Kayan aikin yana hannunmu ke nan. Da wuya a sami jami'ar da ba ta da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda take nan tun 1954, da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista irin su FCS, da ƙungiyar 'yan jiha da ta 'yan ƙaramar hukuma. Su ke da rajistar sunaye, su ke haɗa kuɗi in ɗalibi ya kwanta asibiti, su ke raka gawa gida. Amir ko shugabar 'yan'uwa mata ko jagoran addu'a da ya san cewa aikinsa a wannan dare shi ne ya saurara, kada ya bar mutumin shi kaɗai, ya raka shi wurin likita da safe, bai rage komai daga haramcin da yake karantarwa ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, akwai kuma shirin SURPIN da ya faro daga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2017 mai layukan waya na neman taimako.

Da na tambayi abokin nan nawa me ya riƙe shi a waccan shekara, ya ce abu biyu ne. Yana tsoron haɗuwarsa da Allah, wannan bai taɓa barinsa ba ko a daren da ya fi muni. Sai kuma wani ɗan ajinmu, Kirista daga Filato, da ya lura ya daina fitowa lacca. Bai yi masa wa'azi ba. Kullum da yamma yakan ƙwanƙwasa ƙofa da kular abinci ya ce, "Malam, taso mu ci, ni ba na iya ci ni kaɗai." Sati uku yana haka, a na huɗu ya ce zai je asibitin koyarwa ganin wani ɗan'uwansa, abokin nawa ya zo ya raka shi.